Bangon Gidan Haya Ma Bango Ne: Yadda Na Ƙawata Falona a Agege Ba Tare da Cin Bashi Ba

Ranar da Inna ta fara kawo mana ziyara Legas, ta shigo falo ta zauna, aka kawo ruwa ta sha, aka gaisa. Sai na ga tana ta bin bango da kallo. Can ta ce, "Ke 'yar nan, tashi za ku yi ne?" Na ce, "A'a Inna, me kika gani?" Ta ce, "To ai na ga ɗakin kamar na wanda ya kwana a tasha yana jiran motar asuba."

Dariya na yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Lokacin shekararmu shida a wannan ciki da falo. Abin da ke jikin bangon kaf bai wuce agogo ba, da kalandar wani kamfanin taliya wadda shekararta ta wuce, sai sitikar bikin wata ƙawata da yara suka manna a bayan ƙofa. Ni da na tashi a cikin birnin Zariya, inda za ka ga zaure an yi masa dagi da zayyana, wani ma magini ya zana masa keke ko agogo a goshi don dai gidan ya fita daban. Ni da aka kawo ni da jere, kwanuka da tasoshi da Inna ta yi shekaru tana tarawa, amma ga su cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Na san ba ni kaɗai ba ce. Na shiga gidajen 'yan'uwa a Idi-Araba da Mile 12, na je biki Sabon Ibadan da Sagamu, kusan labarin ɗaya ne. Mutum zai yi shekara ashirin a Kudu yana zaman "gobe zan koma". Duk abin da aka samu a tura gida a sayi bulo, wanda kuma ba laifi ba ne. Sai dai yaran da muka haifa a nan, wannan ɗakin hayar shi ne gidan da suka sani, a cikinsa za su girma, shi za su tuna. Ranar da ɗiyata ta ga faifai a hannun wata mai fura ta tambaye ni da Turanci wai wannan hula ce, ranar na ce zancen Inna gaskiya ne.

Bari in fara da kuskuren da na yi, don kada wata ta maimaita. Da zafina na tashi na sayi irin firem ɗin nan masu ƙyalli da ake talla a gosulo, guda huɗu, hoton furanni da na wani ruwa mai gangarowa daga dutse. Kafin shekara ta zagayo launinsu ya koɗe ya koma wani shuɗi-shuɗi, kwalin bayansu ya sha danshi ya kumbura. Na kuma sa aka kawo mini faya-fayai daga gida, na ɗauki guduma na buga ƙusa goma sha ɗaya a bango. Ƙusar katako ce, ba ta shiga bulo, sai ta lanƙwashe ta ɓanɓaro filasta. Da muka zo tashi daga gidan, mai gidan ya zagaya da ejen ɗinsa yana ƙirga ramuka da yatsa, kuɗin ajiyar da muka bayar saboda ɓarna ko sisi bai dawo ba. Baban yara bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, wanda ya fi faɗa ciwo.

To daga nan ne na koyi cewa ado a gidan haya na Kudu yana da abokan gaba biyu da ba mu san su a gida ba: danshi da mai gida. Duk shawarar da ba ta yi la'akari da waɗannan biyun ba, ta masu gidan kansu ce a Abuja.

Danshin nan ba wasa ba ne. A Arewa kayan fata ko ƙwarya za su yi shekara da shekaru a rataye, ƙura ce kawai matsalarsu. A Legas da Fatakwal da Warri kuwa damina takan ɗauki fiye da rabin shekara, laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100, bango kansa yana tsotsar ruwa. Shi ya sa kafin ki rataya komai, ki fara sanin bangonki. Ki dafa shi da tafin hannu da safe bayan an kwana ana ruwa. Wanda kika ji ya yi sanyi fiye da sauran, ko kika ga fentinsa yana kumbura yana yin farin gari, wannan ki bar shi. Galibi bangon da ke fuskantar waje ne inda ruwa ke dukansa, ko wanda ya haɗa da banɗaki. Bangon da ya raba ɗaki da falo shi ya fi aminci. Sannan duk abin da za ki rataya, kada ya manne da bango. Ni murafun robar ruwa nake mannawa a kusurwoyin bayan firem, sai ya ɗan ɗago, iska ta riƙa ratsawa. Wannan 'yar dabarar da ba ta cin ko kwabo ita ta raba ni da fumfuna.

Shi kuma mai gida, maganinsa rage ramuka. Na sa kafinta ya yanko mini siririn katako mai tsawon ƙafa shida, ya goge shi ya shafa masa mai, aka kafe shi can sama da ƙusar kankare biyu rak. Duk abin da nake so in rataya, a jikin katakon nake buga ƙaramar ƙusa in saukar da shi da zaren kamun kifi ko siririyar igiya. In na gaji da tsari in canza, bango bai sani ba. Ranar tashi, rami biyu ne, a cike su da farin siminti a shafa fenti. Selotef mai manne gaba da baya kuwa ban ba ki shawara ba: fentin yawancin gidajen haya shafa ɗaya ne, ranar cirewa tare da shi zai taso. Kuma in za ku shiga sabon gida, ku ɗauki hoton kowane bango da waya kafin a shigo da kaya. Ramin da wani ya bari kada a ɗora muku.

Yanzu ga abin da za a rataya. A nan ne na fi son in daɗe, domin abin da ya fi kyau a falona yau ba saya na yi ba.

Babbar rigar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da aka raba kayansa ita ta faɗo mini, tsohuwa ce, asu ya cinye hannuwanta da ƙasanta, ba mai iya sawa. Amma aikin ƙirjin yana nan lafiya lau, aska takwas ce ta hannu, irin wadda mai ɗinki kan yi watanni a kanta. Na daɗe ina jin nauyin sa mata almakashi, sai da na tambayi Yaya Babba ya ce ai gara haka da ta ƙare a bakin ƙwari. Na yanke wajen aikin da ɗan rara a kowane gefe, na shimfiɗa shi a kan baƙin yadi, na kama shi da zare da allura, mai firem ya rufe da gilashi. Duk wanda ya shigo, nan idonsa ke fara sauka. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ta tambaye ni a wane gidan zane na saya.

Ki duba akwatinki, ina tabbatar miki akwai irin wannan. Tsohuwar hula mai aikin hannu da ta yi wa maigida kaɗan, saƙi ko gwado na kaka, zanen goyon da aka goya ki da shi, mafici na fata, ludayi da ƙwaryar da aka yi wa zane. Mun saba ganinsu a matsayin kayan aiki shi ya sa ba ma ganin kyansu. Amma ki tuna hoton da ke bayan takardar naira 20: Ladi Kwali ce tana ginin tukunya. Tukunyar da matan Gwari ke ginawa don zuba ruwa, ita ce ta kai ta har Ingila da Amurka, tukwanenta suna gidajen adana kayan tarihi. Bambancin kayan aiki da kayan ado sau da yawa wurin da aka ajiye shi ne kawai.

Faya-fayan nan da suka ja mini asara ma ban yar da su ba. Yanzu a kan falanki ɗaya suke, wanda na lulluɓe da farin yadi mai kauri, na ɗinke kowane faifai a jiki. Guda bakwai ne, manya da ƙanana. Kafin in ɗinke sai da na baza su a ƙasa ina jujjuyawa, babban a kusa da tsakiya, ƙananan suna hawa gefensa kaɗan, har sai da na ga tsarin ya kwanta mini, na ɗauki hoto, sannan na kama aiki. Kada ki jera su a layi kamar 'yan makaranta, kuma kada ki ware su nesa da juna. In sun taru sai su zama abu ɗaya babba, in sun watse sai su zama tarkace.

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi yarda da ita: abu ɗaya babba ya fi ƙanana goma. Ɗakunanmu ƙanana ne, ga firji ga talabijin ga katifar yara a jingine. In kika ƙara ƙananan abubuwa ko'ina, ɗakin sai ya zama kamar shagon tireda. Bango ɗaya za ki zaɓa ki yi masa hidima, sauran ki bar su su huta.

In kuwa babban abu kike so da kuɗi kaɗan, babu kamar yadi. Mu da ke Kudu muna zaune kusa da arziƙin da ba mu cika kulawa da shi ba. Daga Agege jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan yana tsayawa a Abeokuta, can kasuwar Itoku take, cibiyar adire. Akwai wanda ake ƙullewa kafin a rina, akwai wanda ake ɗinkewa, akwai kuma wanda ake zana masa da kullun rogo, in an rina an wanke sai zanen ya fito fari. Wannan na ƙarshen shi ya fi kama da zane, shi nake so. Ɗan'uwansa shi ne rinin Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake cewa tun 1498 take aiki, da baba da toka. Na taɓa rataya na Kano da na Abeokuta gefe da gefe, wallahi kamar wa da ƙani. 'Yan'uwanmu na Aba da Fatakwal da Ama Hausa ta Owerri kuma suna kusa da Akwete a jihar Abiya, inda mata ke saƙa wani zane mai kauri mai launuka. Shi yana da ɗan tsada, amma ƙyalle ɗaya ya isa. Ikot Ekpene a Akwa Ibom kuwa ta yi suna wajen kayan rafiya, garin Oyo wajen sassaƙar ƙwarya.

Yadda ake yi ba wuya. Kafinta zai haɗa miki katako huɗu, misali ƙafa biyu da ƙafa uku, ki jaddada masa busasshen katako, domin ɗanye yana murɗewa in ya bushe. Ki wanke yadin da ruwan sanyi shi kaɗai saboda rini yana zuba, ki shanya a inuwa, ki goge. Sai ki kifa shi a ƙasa, ki ɗora katakon a kai, ki naɗo gefen zuwa baya ki kafe da ƙananan ƙusoshi irin na masu kushin. Sirrin shi ne daga tsakiyar kowane gefe ake farawa: tsakiyar sama, sai a ja a kafe tsakiyar ƙasa, sai dama, sai hagu, sannan a bi zuwa kusurwa. In kika fara daga kusurwa zai yi tattara. Yadi ɗaya da rabi ya wadatar, ba gilashi ba komai, kuma ba shi da nauyi. Abin da za ki kiyaye shi ne rana: kada ya fuskanci taga, rini ba ya shiri da hasken rana kai tsaye.

Tsayin ratayewa ma abin lura ne, don kusan dukkanmu can kusa da silin muke kaiwa kamar muna ɓoye wa ɓarawo. Masu gidajen zane sukan sa tsakiyar abu ya zama kamar santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. In a saman kujera ne, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu ta isa, faɗinsa kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin kujerar. Mu da muka fi zama a kan kafet da tumtum, a ɗan ƙara sassautowa ma ya fi. Sai dai in akwai mai rarrafe ko mai hawa kujera, to lissafi ya canza, kowa ya san ɗansa.

Akwai maganar hoton abu mai rai, wadda na san tana hana wasu ko fara tunanin ado. Ni ba malama ba ce, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Abin da zan ce kawai shi ne adonmu na gado kusan duk ba ya buƙatar fuska: dagi ne, da saƙa, da zayyana, da rubutu. Allon saukar ɗana yana rataye a ɗakinmu, da zayyanarsa ja da kore da ruwan ɗorawa. Amma shi ba kamar sauran kaya ba ne. Ban sa shi inda ake miƙe ƙafa ba, ban sa shi saman talabijin ba, kuma ban taɓa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ba, domin tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta za ta narke. Busasshen ƙyalle mai laushi kawai.

Mai son ganin garinsu a bango kuma, hoton waya ya isa in an yi shi daidai. Ki sa wani a gida ya ɗauko miki Dutsen Dala, ko hasumiyar Gobarau, ko ƙofar gidanku da yamma lis lokacin da rana ta yi laushi. Amma ki ce ya turo ta WhatsApp a matsayin fayil, ba yadda aka saba tura hoto ba, don in aka tura haka nan manhajar tana matse shi, in an buga babba sai ya fashe. A wajen bugawa ki ce takarda marar ƙyalli kike so. A wajen firem kuma ki ce a sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilashi. In hoto ya manne da gilashi a wannan laimar, wata rana tare za su zama, ba mai raba su.

Zanen hannu na gaske fa? Shi ma ba sai mai kuɗi ba. Na taɓa zuwa gidan zanen Nike da ke Lekki, shiga kyauta ne, bene hawa-hawa cike da zane. Ban sayi komai ba, farashin ba na irinmu ba ne, amma na fito idona ya buɗe, na gane abin da nake so da wanda ba na so. Ki kai yara ranar Asabar, ba za ki yi da-na-sani ba. Wurin saye kuwa, ɗaliban sashen zane na kwalejin fasaha ta Yaba suna sayar da ayyukansu da sauƙi, kuma za ki iya ba su aikin abin da kike so. A kasuwar kayan gargajiya ta Jakande a Lekki akwai kaya masu kyau, da yawan masu shagunan ma 'yan Arewa ne, sai dai farashin farko na Bature ne. Ki yi sallama, ki gaisa da Hausa, ki taya ba kunya. Roƙona ɗaya: in mai zanen ne da kansa a gabanki, kada ki matse shi har ya sayar a faɗuwa. Fenti da kyanbas da kuɗi ya saya.

Wata dabarar da na gano da kaina ita ce mai lalle. Yarinyar da ke mana ƙunshi a unguwa hannunta ya fi na masu zane da yawa. Na saya mata baƙin kwali mai kauri da farin fenti, ta zuba a irin ledar da take matsa lalle da ita, ta zana mini fulawa uku manya. Kuɗin ƙunshin ƙafa da hannu na ba ta. Yanzu har wasu suna ba ta aiki.

Kulawa ita ce sauran aikin. Kayan fata, irin su tumtum da mafici, su suka fi saurin yin fumfuna, don haka duk ranar da rana ta fito a damina nakan fitar da su su sha iska na ɗan lokaci, in goge da busasshen tsumma. Ƙwarya da faifai ƙwari ke bi, in kika ga gari-gari yana zubowa a ƙasansu to an shiga, ki cire wanda ya kamu tun bai shafi sauran ba. Hayaƙin risho da na janareta kuma yana dusashe komai a hankali, in a falo ake girki wani lokaci, a nisanta yadi daga wajen. Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, nakan sauke komai in duba bayansa.

Kawo kaya daga gida ma ba ya cin kuɗi in kina da haƙuri. Direbobin da ke sauke albasa da tumatir a Mile 12 kullum suna hanya, ƙullin faya-fayai ko tabarmar kaba ba ya tare musu wuri. A naɗe a buhu, a rubuta lambar waya a jiki, a ba yaron mota na goro. Ƙwarya ce kawai ke son a cusa mata tsumma a ciki da waje, don ni biyu suka iso mini a fashe kafin in koya.

Bara Inna ta sake zuwa, wannan karon a sabon gidan da muka koma. Ta zauna ta sha ruwa, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon rigar Baba ba ta ce komai ba, sai da ta sa bakin mayafi ta share ido. Can ta juya wajen faya-fayan, ta ƙura wa na tsakiyar ido, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ba shi ne na rufe furata da na yi ta nema ba?" Shi ne kuwa. Ƙanwata ce ta haɗo da shi cikin saƙon. Na ce zan ɓalle mata shi ta koma da abinta, ta ce in bar shi, amma in gyara na gefen hagun, ya karkace.